Gadin Fuskar Kande

Duk ranar da ɗaliban aikin jinya suka zo gaishe ni a gidana na Funtuwa, in hira ta yi daɗi sai wani ya tambaya, "Hajiya, wai me kika yi ne a ɗakin tiyata har shekara ashirin da wani abu?" In na ce gadin fuska na yi, sai su kalli juna. In na ƙara da cewa a zaune nake yinsa, a ƙarƙashin zane, hannuna a kuncin mara lafiya, sai dariya ta kuɓuce wa ɗaya daga ciki. Kwanaki wata yarinya mai bakin tsiya ta ce mini, "Ai Hajiya wannan ba aiki ba ne, hutu ne. Yanzu ma na'ura ke yi." Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma baƙuwa ce, sai na zuba mata kunun zaƙi na ce ta sha. Abin da ban tsaya na gaya mata ba ran nan, shi ne zan rubuta a nan.

Bari in fara da cutar, don wanda bai san ta ba. Can cikin kai, ta bayan kunne, akwai jijiyar da ke kai ji zuwa ƙwaƙwalwa, kuma ita ce ke riƙe mutum ya yi tafiya daidai ba tangaɗi. Wani lokaci ƙari kan fito a jikinta. Ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa, a hankali yake girma, sai dai wurin ba fili. Da fari kunne ɗaya zai riƙa kuka kamar gyare ya shiga ciki, sai ji ya ragu, sai jiri, sai ka ga mutum yana tafiya yana layi. In aka bar shi har ya danne ƙwaƙwalwa, to sai abin da Allah ya yi. Maganinsa in ya girma shi ne a buɗe bayan kunne a cire. Wahalar ita ce jijiyar tana da maƙwabciya. Jijiyar da ke motsa fuska ce, rami ɗaya suke bi, kuma ƙarin kan matse ta har ta baje a jikinsa, ta koma kamar ɓawon albasa. Likita na kallonta ta madubi mai ƙara girman abu, amma sau da yawa ba ya iya rabe ta da ƙarin. In ya yanke ta, rabin fuska ya mutu ke nan. Ido ba zai ƙara rufuwa ba, baki ya karkace.

Sai dai Allah ya yi jijiyar nan da wata ɗabi'a. In aka taɓa ta, fuska kan motsa, ko da mutum na cikin barcin allura. Don haka dole wani ya zauna ya tsare fuskar, ya faɗa wa likita. A babban asibitin koyarwa da na yi aiki, a lokacin ba mu da na'urar da ke yin wannan. Ni aka ɗora wa.

Ga yadda ake yi. Za a kwantar da mara lafiya a gefensa, a ɗaure kan da ƙarfe don kada ya gusa, a lulluɓe shi da korayen zannuwa, a bar ɗan fili kawai a bayan kunne. Likita da masu taya shi suna ta bayan kai da madubinsu, da injin huda ƙashi, da bututun zuƙe jini, da 'yan hantsaka da almakashi waɗanda bakinsu bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ni kuwa ina ta gaban fuska, a kan kujera 'yar tsugunno, zannuwa sun rufe ni ruf, tocila a hannun hagu, yatsu uku na dama a kan fuskar: ɗaya a gefen ido, ɗaya a kunci, ɗaya a gefen baki. Likita yana da wani tsinke mai batir. In ya ga abin da yake shakka, sai ya taɓa shi da tsinken ya ce, "Akwai?" In fuska ta harba in ce akwai, ya san jijiya ce, ya kauce. In na ce babu, ya yanke. Haka za mu yi awa takwas, wani lokaci goma. Ba na ganin kowa, ƙafafu kawai nake gani. Na san kowane ma'aikaci a ɗakin nan da takalminsa, har na san wanda ya gaji daga yadda yake sauya ƙafa.

Sista Asabe ce ta koya mini, Allah ya jiƙanta. Ranar farko ba ta kai ni ɗakin tiyata ba. Ta zaunar da ni a ɗakin shan shayi, ta kunna rediyo da ƙarfi, ta ce in rufe ido in ɗora yatsuna a fuskarta. Sai ta riƙa motsa gefen baki kaɗan, kaɗan ɗin da ido ma ba zai kama ba. In na kasa ji, ta buge mini bayan hannu da biro. In na ce na ji alhali ba ta motsa ba, ta buge ni sau biyu, ta ce bugun jinina ne nake ji a yatsa, ba fuskarta ba. Wata biyu muna wannan, bayan hannuna duk shuɗin biro. Ita ce ta hana ni cin goro da shan shayi ranar aiki, wai suna sa yatsa rawa. Ta hana ni shan ruwa da yawa, don mai gadin fuska ba ta da mai canji. Ta ce, "Hajara, kowa a ɗakin nan yana iya fita ya dawo. Ke in kika tashi, likita ya makance."

Malam Idi manomin auduga ne daga wajen Musawa, shi ne mutum na huɗu da na tsare ni kaɗai bayan Sista Asabe ta ajiye aiki. Likita ɗaya ne ke wannan tiyata a asibitin, muna ce masa Baba Likita. Dattijo ne mai kwarjini, ya haifi kamata, ko manyan likitoci sai sun rage murya in sun shiga ofishinsa. Ni kuma 'yar Malumfashi ce, an tashe ni ba a katse babba, ba a yi masa magana gatsal. Wajen azahar na ji gefen bakin Malam Idi ya harba a ƙarƙashin yatsana, ba tare da an tambaye ni ba. Na ji sarai. Sai na yi gyaran murya na ce, "Ranka ya daɗe, Likita, don Allah in ba damuwa, kamar na ji..." Ban ƙarasa ba fuskar ta yi wata irin zabura gaba ɗaya, sannan ta kwanta. Almakashi ya riga ladabina isa.

Malam Idi ya rayu, ƙarin ya fita tas. Amma kwana biyar bayan nan na tarar da shi yana alwala a bakin gado, ya guntsi ruwa zai kurkure baki, ruwan na zuba ta gefe a kan rigarsa. Ya sake guntsa, ya sake zuba. Idonsa na dama sai da filasta ake rufe masa in zai yi barci. Da ya gan ni sai ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya saka muku da alheri, Sista." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Shekarar duka ba ta yi mana kyau ba. Fitilar madubi ta ƙone, aka yi wata huɗu ana jiran wata, muka riƙa mayar da mutane gida. Wasu da aka ce su dawo, 'yan'uwansu ne suka zo da labarin an rufe su.

Na rubuta takarda a mayar da ni ɗakin masu jinya. Baba Likita ya kira ni ofis, takardar na gabansa. Ya ce, "Hajara, maimaita mini abin da kika ce ran nan." Na maimaita, kaina a ƙasa. Ya ce, "To wannan duka gaisuwa ce, kuma mun gaisa da safe. In kina ƙarƙashin zanen nan ba ni ne babba ba, fuskar ce babba. Tsaya kawai za ki ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗi in ji." Na faɗa a hankali. Ya ce bai ji ba. Sai da na yi ta daka wa dattijon nan tsawa a cikin ofishinsa har masinja ya leƙo a firgice, sannan ya yage takardar ya ce in tafi in shirya na Talata.

Kande ta zo mana shekara uku bayan haka. Bamagujiya ce daga wani gida a bayan Kafur, irin gidajen nan da ke tsakiyar gona. Doguwa ce, mai zane a kunci tun daga gefen baki har kusa da kunne. Da na ga zanen na yi murna, don fuska mai zane ta fi daɗin gadi, layin yana motsawa ido ya gani tun kafin yatsa ya ji. Ta yi shekara biyu tana tangaɗi kafin ta iso gare mu. Duk ƙaramin asibitin da ta je, da sun ji inda ta fito sai su ce ta rage shan burkutu. Ita kuwa ko kurɓa ba ta yi. Ta nuna mini mijinta, wani ɗan gajeren tsoho mai suna Nomau, ta ce, "Yarinya, in giya ke toshe kunne ɗaya, da wannan ya kurumce tun ina amarya." Nomau ya yi dariya ya sunkuyar da kai. Daga ranar muka saba, musamman da ta ji ni ma 'yar wajensu ce.

Aikinta na farko ya yi kyau. Sai dai a ƙarshe wani guntu kamar ƙwayar wake ya manne wa jijiyar fuska, duk inda Baba Likita ya taɓa sai zanen Kande ya tashi, ni kuma in ce tsaya. Can ya ce, "Na bar mata shi. Gara ta tafi da fuskarta." Wannan ba kasawa ba ce, ana yin haka da gangan, don sau da yawa guntun ba ya ƙara girma. Amma sharaɗin shi ne mutum ya riƙa zuwa duk shekara ana ɗaukar hoton kai a duba. Kunnen dai ya tafi ke nan, an gaya mata tun farko. Ta koma gida da ƙafafunta, ta zo hoto sau biyu, daga nan ba mu ƙara jin ɗuriyarta ba. Mutanenmu in ciwo ya daina ciwo, to ya warke.

Bayan shekara bakwai, ana tsakiyar kaka, sai ga Nomau ya riƙo ta a kafaɗa, tana jan ƙafa. Hoto ya nuna ƙarin ya dawo, har ya fi na da. Ku da kuke ganin abin da sauƙi, ku saurara nan. Tiyatar farko hanya a share take, komai yana inda littafi ya ce. Ta biyu kuwa tabo ya cinye hanya. Ƙari da tabo da jijiya duk sun manne, duk fari ɗaya, ba ka san inda wannan ya ƙare wancan ya fara ba. Baba Likita a lokacin ya manyanta, saura kaɗan ya ajiye aiki, amma bai tura ta wurin kowa ba. Ya zaunar da su ya gaya musu gaskiya: in ba a yi ba, ba za ta daɗe ba, in kuma an yi, tana iya rasa rabin fuska. Kande ta juyo masa kunnenta mai ji ta saurara har ya gama. Ta ce, "Likita, kunnen na yafe muku tun tuni. Amma na ga wani a layi ɗazu, bakinsa na nan, idonsa na can. Jikokina tara. Ba na so in zama dodon da za a riƙa tsorata su da shi." Sai ta kamo wuyan hannuna ta matse. "Ke ce mai zama a ƙasa ko? To ki zauna da kyau."

Kafin in shiga labarin ranar, akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani. A yawancin tiyata, likitan barci kan riƙa ƙara wa mara lafiya allurar sakin jiki, don kada nama ya motsa ya dami mai aiki. A tamu kuwa sau ɗaya ake yi da farko, ba a ƙarawa, don in nama ya saki, ko ka taɓa jijiya fuska ba za ta amsa ba. Likitan barcinmu, Dokta Haruna, ya san wannan kamar sunansa. Farin takalmin roba yake sawa, na hagun ya tsage a dunduniya.

Mun fara da sassafe. Awa biyu aka yi ana buɗe tsohuwar hanya. Can Baba Likita ya gano inda jijiyar fuska ta fito daga ƙwaƙwalwa, wurin da tabo bai kai ba, ya taɓa da tsinke. "Akwai?" Zanen Kande ya yi tsalle. Na ce akwai. Daga nan ya shiga bin ta, yana ɓamɓare ƙarin ɗan kaɗan-kaɗan. Fuskar Kande irin mai yawan magana ce, kamar mai ita. Ko ruwan sanyi aka fesa a ciki don wanke jini, sai gefen idonta ya ɗan yi rawa. Na ce tsaya ya fi sau goma kafin rana ta take. Da azahar ta yi, masu taya aiki suka fara fita salla ɗaya bayan ɗaya, wani ya riƙe wa wani, kamar yadda aka saba. Ni da Baba Likita kaɗai ne ba mu motsawa, sai an gama muke rama tamu.

Bayan azahar ya iso wani farin zare da ya gitta a kan ƙarin ya tare hanya. Ya taɓa. "Hajara, akwai?" Na ce babu. Ya gusa ya taɓa. Babu. "Nan fa?" Babu. Na ji ɗakin ya sami natsuwa, har wani ya sauke numfashi. Baba Likita ya ce, "Tabo ne. Almakashi." Na ji ƙarar da ƙarfen ya yi da aka ɗora masa a tafin hannu.

Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Amsar da na bayar gaskiya ce, ban ji komai ba. Amma kuncin da ke ƙarƙashin yatsuna ya yi laushi kamar ƙullin ƙosai, kuma da na tuna, an fi rabin awa ko gefen ido bai yi rawa ba, alhali an fesa ruwa sau biyu. Fuskar da ta wuni tana surutu ba ta yin shiru haka kawai. Na karkata tocila ƙasa, na haska wajen injin barci. Takalmin da ke wurin baƙi ne.

"Tsaya!"

Komai ya tsaya, har bututun zuƙe jini. Baba Likita ya ce, "Me kika ji?"

"Ban ji komai ba."

"To don me kika tsayar da ni?"

"Don ban ji komai ba. Koma wurin safe ka taɓa."

Ba "ranka ya daɗe", ba "don Allah". Na ji ya ajiye almakashi ya ɗauki tsinke. "Na taɓa. Akwai?" Na ce babu. Ya sake. Babu. Wurin da ya sa zanen Kande tsalle da hantsi, yanzu kamar ya taɓa katako. Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wa ke wurin barci?"

Wata murya da ban sani ba ta ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Dokta Haruna ya je salla."

"Me ka ba ta?"

"Ta ɗan yi yunƙurin tari, sai na ƙara mata allurar sakin jiki."

Ba na ganin laifin bawan Allahn nan sosai. Daga wani ɗakin tiyata aka aro shi, kuma a kowane aiki ban da namu abin da ya yi shi ne daidai. Daga baya muka ji yadda aka yi miƙa aikin: sun gaisa, an tambayi iyali, an tambayi gajiya, an yi barka da ganin kaka, sannan Dokta Haruna ya ce komai lafiya ya fita yana sauri kada jam'i ya wuce shi.

Baba Likita bai yi faɗa ba. Ya sa aka rufe wurin da jiƙaƙƙiyar auduga, ya naɗe hannayensa cikin tawul mai tsabta, ya jingina. Muka zauna jiran allura ta sake ta, kan mace a buɗe. Ba abin da ke tashi a ɗakin sai ƙarar injin numfashi. Ƙafata ta dama ta mutu tun daga gwiwa, gumi na shiga mini ido, ban goge ba don kada in ɗaga yatsa. Kuma ina jin tsoro, don in an gama jiran nan zaren ya zama tabo ne kawai, to na ƙara wa tsohuwa awa guda cikin barcin allura a banza. Jifa-jifa yakan taɓa wurin safe ya tambaya, in ce babu. Wajen la'asar gefen bakin ya ɗan harba. Na ce, "Ya fara." Muka ƙara jira har ya dawo da ƙarfinsa. Sannan ya ce, "To ga zaren nan namu. Riƙe da kyau." Ya taɓa.

Fuskar Kande ta zabura gaba ɗaya, ido da kunci da baki, zanen ya tattare kamar za ta yi magana. Na ƙwala "Akwai!" da ƙarfin da sai da wani abu ya faɗi daga tire. Baba Likita ya yi salati. Can ya ce wa mai miƙa kaya, "Kai almakashin nan nesa da ni."

Tabon aikin farko ne ya janye jijiyar daga mazauninta ya ɗora ta a kan ƙarin, inda ba wanda zai neme ta. Ya bi ta da bakin hantsaki a hankali har ya kwantar da ita gefe, ya fitar da ƙarin, har da tsohon guntun da ya bari shekarun baya. Mun gama gab da magariba. Mutum biyu ne suka ɗaga ni daga kan kujerar. Na'urar da kuke taƙama da ita abu ne mai kyau, na yi aiki da ita a shekaruna na ƙarshe, kuma ta fi yatsana kama ƙaramin motsi. Amma ita ma in an yi allurar nan shiru take yi, ta bar ku kuna murna. Wanda bai san fuska ba ba zai san shirun ya yi yawa ba.

Sai dai ba a yabon aikin nan a kan tebur. Jijiyar da ta sha ja da taɓi tana iya amsa tsinke, amma in mutum ya farka ta ƙi aiki. Washegari da hantsi muka je duba Kande, ni da Baba Likita da zugar ƙananan likitoci a bayansa. Ta farka, kai naɗe da bandeji, fuska a kumbure. Nomau na zaune a gefen gado, mijin babbar 'yarta na tsaye daga ƙofa. Baba Likita ya ce ta rufe ido. Ta rufe, amma da kumburin nan ba ka iya cewa komai. Ya ce ta buɗe haƙora. Ta ƙi. Ya ce ta hura kumatu. Ta kau da ido. Na matsa kusa da kunnenta mai ji na ce, "Inna Kande, yi mana murmushi mana." Ta yi mini raɗa ba tare da ta motsa leɓe ba, "A gaban surukina zan yaƙe haƙora?" Ban sani ba ko kunya ce kawai, ko kuwa bakin ne ya ƙi tana ɓoyewa. Na kalli Baba Likita, na ga shi ma bakin nata yake kallo.

Kafin in ce wa surukin ya ɗan ba mu wuri, Nomau ya ga shirun ya yi yawa, sai ya so ya kwantar mata da hankali. Ya ce, "Kada ki sa komai a ranki, ki huta kawai. Dawar gayaunarki ma na sa an yanke. Na ce a haɗa ta da ta gandu a rumbu ɗaya, don kada a sha wahala biyu."

A wajenmu kowa ya san gayauna, 'yar gonar da mace ke noma wa kanta, tata ce, rumbunta daban, miji ba ya ko leƙawa. Kande ta juyo da kai a hankali. Ta manta da suruki, ta manta da likitoci. Girarta biyu suka haɗe a tsakiya, hancin ya tattare, zanen dama da na hagu suka tashi tare. Ta tsuke baki ta ja wani dogon tsaki wanda sai da ta gadon kusa ta juyo.

A duk shekarun da na yi aiki ban taɓa jin alfahari da yatsun nan uku kamar lokacin ba. Ƙananan likitoci suka daskare, don ba su taɓa jin an yi tsaki a gaban Baba Likita ba. Shi kuwa ya gyara tabarau, ya sunkuya har kusa da fuskarta, ya ce, "Nomau, don Allah sake gaya mata. Ban gani da kyau ba."

Nomau ya kalli matarsa, ya kalli ƙofa. Ya ce, "Likita, kai za ka tafi ofishinka. Ni da ita zan koma gida."